Zaren Gawayi Daga Tsirrai: Abin da Ƙasar Konni Za Ta Iya da Abin da Ba Ta Iya Tukuna

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da malamai, shugabannin ƙungiyoyin manoma, malaman makaranta, ƙannena ɗalibai da kuka taso daga Konni da Malbaza da Illela, barkanku da zuwa. In na ce Illela, tamu ta gefen Badagishiri nake nufi, ko da yake mutanen Illelar Amarawa ta tsallaken iyaka su ma maganar ta shafe su, tunda kasuwarmu ɗaya.

Abin da za mu tattauna yau wani baƙin zare ne, wanda ya fi gashin kai siranta wajen sau 10, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa sinadarin kabon ne, wato ainihin abin da ke cikin gawayi. Ba a aiki da sili ɗaya. Ana haɗa sili 12,000 ko 24,000 a dami guda, a saƙa su, a jiƙa da wani danƙo, a gasa har ya daskare. Aikinsa ɗaya da na ciyawa a cikin kwaɓin laka: zaren ne ke riƙe ƙarfi, danƙon ne ke riƙe zaren. Nauyinsa bai kai rubu'in na ƙarfe ba. Ƙarfinsa kuwa, in aka ɗauki irin wanda kamfanin Toray na Japan ke yi mai suna T300, damin da bai fi kaurin ƙaramar basilla ba, milimita 1 murabba'i, zai ɗauki wajen kilo 350 kafin ya tsinke. Buhun hatsi uku da rabi ke nan. Shi ya sa rabin nauyin jirgin sama na Boeing 787 irin wannan haɗi ne. Da shi ake ƙarfafa fukafukan injinan da ke samar da lantarki daga iska, da tukwanen gas masu matsi, da kekunan tsere, da ƙafafun roba na masu gudu.

To, da me ake yin sa? Kashi 90 cikin 100 ko fiye na wanda ke kasuwa yau daga man fetur ya fito. Ana haɗa wata iska da ake samu a matata, furofilin, da amoniya, a samu wani ruwa mai guba, a mayar da shi zaren roba da ake kira PAN. Danginsu ɗaya da zaren bargunan da suwaitocin da ke cika kasuwar Konni da hunturu. Wannan zaren ake gasawa ya koma gawayi. Kusan rabin kuɗin zaren gawayi a sayen PAN yake tafiya, kuma wajen gasa shi yana fitar da hayaƙi mai gubar sayanaid wanda dole a tare a ƙone. Tsada da guba da dogaro ga fetur su suka sa masu bincike suka waiwayi itace da auduga.

Na ce waiwaye, don daga tsirrai aka fara. A watan Oktoba na 1879 Thomas Edison a Amurka ya gasa zaren auduga ya sa shi a cikin ƙwan lantarki, ya yi haske na sa'o'i 13 da ɗoriya. Joseph Swan a Ingila yana ta irin wannan aiki a lokaci guda. Daga baya Edison ya koma ga gora da aka kawo masa daga kusa da Kiyoto a Japan, wadda ta yi fiye da sa'o'i 1,200 tana ci. Waɗancan zaruruwa haske suke bayarwa, ba su da ƙarfin ɗaukar komai. Sai a 1958 Roger Bacon, a ɗakin binciken kamfanin Union Carbide a jihar Ohayo, ya nuna cewa kabon in ya jeru daidai yana fin ƙarfe ƙarfi. Zaren gawayi mai ƙarfi na farko da kamfanin ya kai kasuwa a shekarun 1960, da reyon aka yi shi, zaren da ake samu daga ɓargon itace. A daidai wannan lokaci Akio Shindo a Osaka ya gwada PAN, Ingilawa a Farnborough suka inganta hanyar a 1963, Toray ya fara sayarwa a 1971. Daga nan tsirrai suka sha ƙasa. Dalilin faɗuwarsu shi ne zuciyar laccar nan, kuma kowa zai iya ganinsa da idonsa a tsakar gida.

Ku sami gwangwanin da ke da murfi mai kamawa, irin na man takalmi, ku wanke shi. Ku huda murfin da ƙusa huda ɗaya. Ku yanki ƙyallen auduga tsantsa, tsohuwar atamfa ko saƙi, ku sa a ciki ku rufe, ku ɗora kan garwashi. Ba da jimawa ba wani farin hayaƙi mai ɗaci zai fara fita ta hudar, wani lokaci har ya kama da wuta kamar ƴar fitila. In hayaƙin ya ɗauke, ku sauke, ku toshe hudar, ku bari ya huce sarai kafin ku buɗe. Za ku tarar da ƙyallen ya yi baƙi ƙirin, ya tsuke, ya yi shafal ba nauyi, amma saƙarsa tana nan, zare bisa zare, ana iya ƙirga su. Bai zama toka ba saboda iska ba ta shiga ba. Wannan da ke hannunku zaren gawayi ne daga tsiro. Yanzu ku ja shi da yatsu biyu. Zai yage ba gardama, ya bar muku baƙi a hannu.

Abubuwa biyu suka faru a gwangwanin nan, kuma su ne suka dami manyan kamfanoni shekara 60. Na farko asarar nauyi. Auduga kusan dukkanta wani sinadari ne da ake kira selulos, wanda shi ne ƙashin jikin kowane tsiro. A kilo 100 na selulos, kilo 44 ne kawai kabon. Sauran abin da ke zama ruwa ne. Kuma ko 44 ɗin ba a samu, don hayaƙin nan da kuka gani yana tafiya da kabon mai yawa. A masana'anta kilo 10 zuwa 30 ake tsira da su. PAN kuwa yana barin wajen rabin nauyinsa. Duk ɗan kasuwa ya san wanda zai zaɓa.

Na biyu rashin ƙarfi, kuma a nan nake so ɗalibai su buɗe kunne. Ƙarfin zaren gawayi daga jeruwar kabon yake zuwa: dole faya-fayan kabon su kwanta duk a tsawon zaren, babu rami, babu tsakuwa, babu tsaga. Silin auduga gajere ne, santimita 2 ko 3, a murɗe yake, da rami a tsakiyarsa, kuma ba sili biyu da suka zo ɗaya. Don haka masana'anta ba ta gasa auduga yadda Allah ya halicce ta. Narkar da selulos ɗin ake yi ya zama ruwa mai kauri, a tace shi, a tura shi ta wani faranti mai dubban ƙananan huda, ya fito siraran zaruruwa masu tsawon kilomitoci ba yankewa. Tsohuwar hanyar narkarwa tana cin soda mai ƙuna da asid da wani ruwa mai guba da ya nakasa ma'aikata da yawa a tarihin masana'antar reyon. Sabuwar hanya, wadda kamfanin Lenzing na Ostiriya ya shahara da ita, tana mayar da fiye da kashi 99 cikin 100 na ruwan narkarwar a sake aiki da shi. Bayan nan sai gashi hawa-hawa. Da farko digiri 200 zuwa 300, a hankali, don zaren ya kafu. Sai digiri 1,000 zuwa 1,500 a cikin tanderun da aka kore iska aka cika da nitorojin. Duk tsawon tafiyar zaren a ɗaure yake, ana jan sa da awo. A zamanin Union Carbide sai da aka kai shi sama da digiri 2,500 ana miƙar da shi kafin ya yi ƙarfi, wannan kuwa cin wuta ne da ba a iya jurewa.

Akwai wani sinadarin a jikin itace, liginin, wanda ke manne selulos ya sa itace ya yi tauri. Kabon ɗinsa ya haura kashi 60 cikin 100, kuma masana'antun takarda suna fitar da miliyoyin tan nasa kowace shekara suna ƙonawa. Kowa ya ji haka sai ya ce an samu. Kamfanin Nippon Kayaku na Japan ya yi zaren gawayi da shi tun ƙarshen shekarun 1960, ya daina a shekarun 1970. Cibiyar Oak Ridge ta gwamnatin Amurka ta yi shekaru a kansa. Matsalar ita ce liginin ba ya jeruwa, rassa ne da shi ko ta ina, zarensa kuma da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin T300. Yanzu ana gauraya shi da selulos, ɗaya ya ba da jeri ɗaya ya ba da kabon. Stora Enso na ƙasashen Finlan da Suwidin da Cordenka na Jamus sun sanar da haɗin gwiwa a kan haka a 2020, cibiyar binciken saƙa ta Denkendorf a Jamus ita ma ta matsa gaba da selulos na itace. Wasu kuma suna bin ta bayan gida, suna yin ruwan PAN ɗin kansa daga sukari maimakon fetur, kamar yadda masu bincike a Kolorado suka nuna a 2017. Duk da haka, har yau ba a gina fiffiken jirgin fasinja da zaren tsiro. Inda reyon ya riƙe matsayinsa shi ne bakin roka, don gawayinsa ba ya saurin ɗaukar zafi. Da shi aka lulluɓe bututun rokokin da suka riƙa ɗaga kumbon Amurka.

Yanzu mu dawo gida, don na san tambayar da ke zukatanku. Tunda daga tsiro ne, mu da ke da kara da auduga, me zai hana?

Ƙasar nan ta san zare tun da daɗewa. A Maratta, nan kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu a 1754, kuma ana ruwaito cewa da tufkar igiya yake neman abin kansa. Kwarin Maggiya ya noma auduga tun zamanin kamfanin CFDT na Faransa, aka kafa injin gurza a Madawa. Gonakin ban ruwa na Konni, hekta 2,452 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zongo ta tafkin Cerasa, waɗanda aka sake gyarawa da kuɗin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016, suna iya ba da auduga da dawa da masara. Kayan aiki dai akwai. Amma ina so in ja kunnenku game da kalmar da baƙi masu takardun aiki suke yawan zuwa da ita, cewa karan gona shara ne da ake zubarwa. A wace gona? A ƙasar Adar kara abincin bisashe ne, danga ne, rufin rumbu ne, makamashin tuwo ne. Duk wanda ya sayi damin kara a watan bazara ya san ba shara ya saya ba. Gwaje-gwajen da aka yi shekara da shekaru a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, sun nuna cewa barin kara a gona yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, yana ƙara amfanin hatsi ƙwarai. Mutanen Illela ba sa buƙatar a gaya musu. Tun da wasu manomansu suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 a ƙarƙashin aikin raya noma na FIDA suka dawo suka gyara haƙar ramukan shuka da ake kira tassa, sun rayar da dubban hektoci na faƙo, har faƙon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Tassa da taki take rayuwa, takin kuwa daga cikin dabbar da ta ci kara yake fitowa. Ranar da wata masana'anta ta fara sayen kara da mota, ramukan tassa ne za su fara jin yunwa.

Kuma ma karan bai dace da aikin ba. Iyayenmu mata da ke ƙona karan hatsi su tace ruwan toka sun riga masana sanin cewa cike yake da gishirin fotash, ga kuma yashi-yashi a ɓawonsa. Masu yin zaren gawayi suna neman kayan da tokarsa ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 ba, don ƙwayar datti ɗaya a cikin silin da ya fi gashi siranta, nan zai tsinke. Tokar kara ta ninka haka sau goma-goma.

Abin da muke da shi mai daraja a wannan fage, wanda ba mu kula da shi, shi ne ɗan gashin nan da ke maƙale a jikin gurya bayan an gurje auduga. Selulos ne mai tsabta fiye da na itace. Kamfanin Asahi Kasei na Japan tun 1931 yake yin wani zare mai santsi mai suna Bemberg da shi kaɗai. Mu kuwa tare da guryar muke zuba wa shanu. Sai dai a faɗi gaskiya, audugar da Nijar ke nomawa yau ba ta kai ta ciyar da masana'antar narkar da selulos ba, irin wannan masana'anta kuma tana shan ruwa mai yawan gaske. Wanda ya ga yadda laka ke cinye Mozage, ya ga rabon ruwa tsakanin manoma da rani, ba zai yi saurin kiran wani babban mashayi ba.

Sai wuta. Wani zai ce ai a Malbaza muna da zafin, tunda tanderun siminti yana kai digiri 1,450, kuma tun shekarun 1960 ake gasa dutse a can. Haka ne, amma wancan harshen wuta ne da iska. Zare in ya shiga toka zai zama. Tanderun zaren gawayi na lantarki ne, layinsa ya fi mita 100, dare da rana yake tafiya, in wuta ta ɗauke na ɗan lokaci duk zaren da ke ciki ya lalace. Tashar hasken rana ta Malbaza, ta farko a ƙasar nan, da aka buɗe a 2018, megawat 7 take bayarwa, shi ma sai da rana. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun wajen kashi 70 cikin 100 na buƙatarta daga gare ta a wancan lokaci. Saboda haka hukuncina a fili yake. Duk wanda ya zo Konni ko Malbaza ya ce a ba shi fili ko a zuba kuɗi zai kafa masana'antar zaren gawayin jirgi da karan hatsi, ko bai san aikin ba, ko ya san abin da yake nema a aljihunku.

Wannan bai rufe ƙofa ba, don ba kowane gawayi ake nema da ƙarfi ba. Akwai wanda ake nema da ramuka. In aka gasa ɓawo mai tauri ba iska, sannan aka bi shi da tururi a digiri 800 zuwa 900, ko aka jiƙa shi da wani asid aka gasa a digiri 400 zuwa 500, jikinsa yakan cika da ƙananan ramuka har giram 1 ya sami faɗin ciki na mita murabba'i 1,000. Shi ne gawayin tacewa. Da shi ake cire wari da ragowar maganin ƙwari daga ruwan sha, da shi ake wanke man girki da sukari, da shi ake kamo zinari a ma'adinai, da shi likita ke taimakon wanda ya sha guba. Ba ya cire komai da komai, gishiri da fuloraid suna wuce shi, kada wani ya sayar muku da shi a matsayin maganin kowane ruwa. Mafi kyawunsa a kasuwar duniya daga ƙoƙon kwakwa ake yi, mu kuwa muna da ƙodagon goriba da ƙwallon aduwa, masu tauri irin nasa, waɗanda ba dabbar da ke ci. Masana kimiyyar haɗa sinadarai a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai sun riga sun gwada su sun buga sakamako. Ga karan auduga, wanda malaman gona da kansu ke cewa a tuge a ƙone don kashe tsutsa. Fotash ɗin nan ma da ya hana kara zama zare, yana cikin sinadaran da ake buɗe ramukan gawayi da su. Kuma yadin reyon da aka gasa aka buɗe masa ramuka, wanda aka fara yi a Ingila, yau ana ɗaure gyambo mai wari da shi a asibitoci. Zaren gawayi ne daga tsiro, ƙanen ƙyallen nan na gwangwani, ba a kuma tambayarsa ya ɗauki buhu uku da rabi.

Abin da ke tsakanin mai gawayin daji da mai wannan sana'a awo ne. Mai gawayi yana duban launin hayaƙi ya ce ya yi. Mai sana'ar kuwa yana da ma'aunin zafi a cikin tanderu, da sikeli, da littafi: kilo nawa ya shiga, digiri nawa, minti nawa, kilo nawa ya fito, ya tace ruwa nawa. Ma'aunin zafin da ke jure digiri 1,000 bai kai kuɗin wayar hannu mai kyau ba. Maƙeranmu da ke ƙera murhu da garma za su iya ƙera tanderun ganga biyu, ƙarama cikin babba. Wanda ya ƙware a riƙe digiri 500 daidai na awa biyu, shi ne gobe za a iya koya wa riƙe 1,400 a cikin nitorojin, ko a nan ko a wata ƙasa.

Don haka roƙona ga malaman kimiyya na makarantun sakandaren Konni da Malbaza da Illela, ku yi gwajin gwangwanin nan da ɗalibanku a wannan zangon karatu, a fili ba a cikin aji ba, ku auna ƙyallen kafin da bayan gashi, su lissafa da kansu kashi nawa ya rage. Ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da maƙwabtanmu na cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku ba ɗalibai aikin kammala karatu a kan ƙodago da aduwa da karan audugar wannan yanki, a rubuta sakamakon har da Hausa don maƙeri ya karanta. Ku kuma iyayena shugabannin manoma, duk wanda ya zo sayen abin da ya rage a gona, ku sayar masa da ƙodago da ɓawon gujiya da karan auduga, karan hatsi da na dawa kuwa ku bar wa gona da bisashe.